Shawara ga Mai Son Buɗe Shago a Dutsin-Ma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga duk wanda yake shirin zuba jarinsa a Dutsin-Ma saboda ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a shekarar 2011, shawarata ita ce ya yi lissafin ribarsa a kan watannin da ake karatu kaɗai, domin kuɗin hayar shago na shekara guda ake biya, alhali ciniki yana raguwa ƙwarai da zarar an tafi hutu.

Abin da ya fi hutu haɗari shi ne yajin aiki, tunda ba ya zuwa da ranar ƙarewa. A shekarar 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta dakatar da karatu daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, kuma wanda sana'arsa ta dogara kacokan a kan buga takardu ko sayar wa ɗalibai abinci, wata takwas ke nan yana cin uwar kuɗi. Saboda haka ya kamata aƙalla rabin hajar mutum ta kasance wadda mutanen gari da ma'aikata suke saye kullum, kamar kayan masarufi, cajin waya ko cirar kuɗi ta POS. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ma tana garin, kuma tsarin zangonta daban yake da na jami'a, don haka ana iya samun ciniki daga ɗalibanta lokacin da jami'a take rufe.

Batun bashi kuwa, a daina bayar da shi idan jarrabawa ta matso, domin wanda ya kammala karatu da wuya ya sake waiwayo garin.