Yadda Ake Adana Katin Kyauta na Gasar Pokémon

A gasar duniya ta wasan katin Pokémon, ana raba wa mahalarta katuna na musamman waɗanda ba a sayar da su a kanti, kuma yawancinsu suna ɗauke da tambarin gasar da shekararta, wasu ma har da matakin da ɗan wasa ya kai. Ƙarancinsu ne yake sa masu tara katuna suke rububinsu, don haka kulawa takan fara ne tun daga zauren gasar.

Idan an miƙa maka katin a cikin ledarsa, kada ka yi garajen yage ta. Idan kuwa a buɗe yake, ka riƙe shi ta gefe da busasshen hannu, ka zura shi cikin leda mai laushi, sannan ka saka shi a gidan roba mai tauri. Faɗin katin milimita 63 ne, tsawonsa 88, amma na Yu-Gi-Oh!, wani wasan katin daban, ya fi ƙanƙanta, saboda haka ledarsu ba ɗaya ba ce. Ka nisanta shi da rana domin launinsa yana koɗewa, ka kuma guje wa laima, wadda take lanƙwasa kati mai ƙyalli. Yin wasa da shi kuwa, a ganina, asara ce tsantsa.

Mai niyyar sayarwa yana iya aika shi ga kamfanin PSA na Amurka, inda ake duba kusurwoyi da gefuna da fuskar katin da daidaiton bugunsa, a ba shi maki daga 1 zuwa 10. Ka adana bajen shiga gasar tare da shi, domin mai saye yakan nemi shaidar inda katin ya fito.