Yadda ake buga fostar ma'aikata da hannu

Yawancin abin da nake gani a hannun ma'aikatan da aka sallama takardar koke ce aka manna a kwali: layi goma, sunan ƙungiya, har da sashen doka. Wanda ya wuce a kan acaɓa ko kalma ɗaya ba zai kama ba. Don haka a fara da maganar, kada ta wuce kalma biyar. Masu haƙar kwal na Birtaniya, da aka ce za a rufe ramuka 20 a 1984, kalma uku suka riƙe shekara guda cur, ma'anarsu a bar musu aikinsu, ba sa son kuɗin zaman banza.

Launi kuma ɗaya tak. Ɗaliban da suka mamaye makarantar zane ta birnin Paris a Mayun 1968 galibi da launi ɗaya suke bugawa, kamar fostarsu mai hoton wata masana'anta da bututun hayaƙinta ya zama dunƙulen hannu. Ni baƙi nake so. Ja yana kashe ido a rana, kuma launi biyu kuɗi biyu ne.

Nemi tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, ya fi kwali ƙarko nesa ba kusa ba. Zana haruffan a kansa, kaurin kowanne ya kai yatsa biyu, ka ɗora a kan katako ka yanke da sabuwar reza.

Nan ne ake faɗuwa. Haruffa irin a, o, b da d suna da ciki. In ka zagaye su da reza cikin zai faɗo, ka buga ka ga dunƙulen baƙi kawai. Dole ka bar siraran gada biyu, sama da ƙasa, su riƙe cikin. Sannan ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ, ka yanka ta da girma fiye da yadda ido ke so, don fenti yana cinye ta. Na taɓa kwana ina buga "Mu muka gina ƙasa", gari ya waye ƙugiya ta toshe, aka yi ta karanta "kasa". Buga gwaji ɗaya, ka kira yaro ya karanta daga taku ashirin kafin ka taɓa sauran takardun.

Fenti da guntun soson katifa ake sa shi, a danna a ɗaga, ba a gogawa. Fara rage shi a kan tsohuwar jarida, in ya yi yawa zai shige ƙarƙashin fim. Duk bugu goma a share bayan fim ɗin da tsumma.

A shanya a inuwa, kar a jibga su. Manni kuwa, a dama garin rogo da ruwan zafi ya isa. Wadda za a riƙe a hannu a buga ta gaba da baya, masu ɗaukar hoto ba su da gefe guda.