Kurakuran masu binciken likitancin shari'a da fayilolin asibiti

Fayil ɗin majinyaci ba don bincikenka aka rubuta shi ba. Likitan sashen gaggawa ya rubuta abin da yake buƙata don ceto rai, sauran ya bari. Daga nan babban kuskure yake tasowa: ɗalibi ya ga gurbin "ya sha giya?" ko "yana sanye da hular kwano?" babu komai, sai ya shigar da "a'a". Wa ya ce maka a'a? Ba a tambaya ba ne kawai! Ni lamba uku nake ba kowace tambaya: 1 eh, 0 a'a, 9 ba a rubuta ba, kuma a rahoto nakan faɗi yawan kowanne.

Lambar "ba a rubuta ba" ita ma tarko ce. In ka sa 999 a gurbin shekaru, ba ka shiga shafin Variable View na SPSS, manhajar ƙididdiga, ka ayyana ta a Missing (wato bayanin da babu) ba, manhajar za ta ɗauka wani ya shekara 999. A cikin mutum 50 masu matsakaicin shekara 30, guda ɗaya irin wannan ya isa ya kai matsakaicin 49. Kafin kowane gwajin ƙididdiga ka fitar da mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowane ginshiƙi. Minti biyu ne, amma ƙiwa ta hana mutane.

Na biyu ya fi ci mini rai: kwafe "tsayawar zuciya" a matsayin musabbabin mutuwa. Kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. I46, lambar tsayawar zuciya a ICD-10 (kundin lambobin cututtuka na duniya), ba ta gaya wa kotu ko mai bincike komai. Rauni yana buƙatar lamba biyu, ta raunin kansa, kamar S06 na cikin ƙoƙon kai, da ta abin da ya jawo shi: V20 zuwa V29 ga mai babur, X99 ga sara ko suka da gangan. Inda ba a tabbatar ko ganganci ne ko tsautsayi ba, akwai Y10 zuwa Y34. Kada ka yanke hukuncin da likitan da ya ga gawar bai yanke ba.

Rajistar binciken gawa kuma ba hoton gari ba ce. A Arewa ana gaggauta jana'iza, iyalai da yawa ba sa yarda a yanka mamaci, don haka yawanci gawar da 'yan sanda suka kawo ce ke shiga lissafi. Ka ce "cikin gawarwakin da aka bincika", kada ka ce "a jihar".

Mutum ɗaya kan fito a rajistar gaggawa, ta ɗakin kwanciya da ta mutuware; ka tace da lambar kati. Excel kuwa yana cinye sifilin farkon lambar, sai ka mayar da ginshiƙin zuwa Text, wato rubutu, kafin shigarwa. Sakamakon giya a gawar da ta fara ruɓewa abin tuhuma ne, domin ƙwayoyin cuta na samar da ita. Ka rubuta ko abin da aka gwada jinin cinya ne ko ruwan ido. Wajen kwatanta rukunai kuwa, in adadin da ake tsammani a gurbin tebur bai kai 5 ba, gwajin Fisher, na ƙididdigar ƙananan adadi, za ka yi.

Sunaye kuwa a cire su tun kafin fayil ya hau filashi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma izinin kwamitin ɗa'a kafin buɗe fayil ake nemansa, ba ranar kai takarda mujalla ba.