Yadda ake zama da zafin jijiya bayan daina shafa man steroid

'Yar'uwa, in kin daina shafa man haɗi ko maganin fata na 'yar kwalba, bayan 'yan kwanaki fatarki ta kama raɗaɗi, ga wata tsira, wato suka mai zuwa ba sallama, a wuya ko a fuska kamar lantarki ya ja ki, to ba sammu ba ne, ba iska ba ce. Duba kwalin. In akwai clobetasol ko betamethasone a rubuce, steroid kike shafawa. Yana matse ƙananan hanyoyin jini, yana kuma sirantar da fata, shi ya sa ake ganin haske. Da an janye shi sai hanyoyin su buɗe, jijiyoyin da ke ƙarƙashin fatar su riƙa jin komai, har iskar fanka. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan ciwo a 2021. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, wurin kan yi duhu ko toka-toka.

Na shiga wannan hali, kuma abin da ya fi ba ni sauƙi shi ne sanyi. Naɗe ƙanƙara a tsumma mai laushi, ki ɗora minti 10 zuwa 15, ki ɗaga. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. In babu wuta, jiƙa tawul da ruwan randa. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, ban da soso, ban da sabulun salo a wannan lokaci, sannan a dangwala tawul maimakon gogawa. Haka alwala. Ranar da ruwan kansa ya zama azaba, tambayi malami a kan taimama, addini ya yi rangwame ga mara lafiya.

Leshi da hijabin roba su dakata. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi komai daɗi, a ɗinka ta burum-burum. Zafin murhu yana tayar da tsirar, don haka nemi mai kama miki girki, kuma ba kunya a cikin wannan. Basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya zalla yana taimakon wasu, musamman da hunturu, amma wasu ƙara musu ƙuna yake yi. Gwada a ɗan wuri tukuna.

Dare ne filin daga. Yanke farce, ajiye tsumman sanyi kusa da filo, in tsirar ta zo ki danne wurin da tafin hannu kina jan numfashi a hankali har ta wuce, don ba ta daɗewa. Farasitamol ba ya yi wa ciwon jijiya wani abin kirki. Akwai magungunan da ke yi, irin su gabapentin da amitriptyline, amma likita ne zai rubuta ya auna miki. Ina roƙonki kada ki bari wani mai kyamis ya miƙa miki tramadol ko pregabalin a leda, mun ga yadda suka cinye 'ya'yan mutane.

Wadda ta shekara da shekaru tana shafe duk jiki, kada ta yanke lokaci guda da kanta. Man yana shiga jini ya sa jiki ya rage yin nasa steroid ɗin, shi ya sa likitan fata kan tsara ragewa kaɗan-kaɗan. Akwai sashen fata a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ki tafi da kwalayen duk abin da kika shafa, har na yara in kina shafa musu.

In kika ga zazzaɓi, mugunya, ɓawo ruwan ɗorawa, ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke yaɗuwa da sauri, ko jiri da amai da mutuwar jiki, a ranar za ki je asibiti, ko da tsakar dare ne.