Yadda nake karanta sufayen da suka yi wa daular Ming makoki

Ran da na fara ganin kifin da Bada Shanren, wani sufin addinin Buddha na ƙasar Sin, ya zana, dariya na yi. Kifi ɗaya tilo a tsakiyar farar takarda, ya juya ƙwayar ido sama kamar mai harara. Na ɗauka raha ce. Ashe ni ne ban iya kallo ba tukuna.

In za ka shiga rubuce-rubucen mutanen nan, fara da aski. Daular Ming ta ƙasar Sin ta faɗi a 1644, sarki Chongzhen ya rataye kansa a Beijing, Manchu, wata ƙabila daga arewa maso gabas, suka hau da sunan daular Qing. A 1645 aka kafa doka: kowane namiji ya aske gaban kansa ya bar kitso ɗaya a baya, in ya ƙi a sare kan. Shi kuwa sufin addinin Buddha dama ƙwal-kwabo yake yi, doka ba ta da abin kamawa. Sai malamai da ma'aikatan tsohuwar fada suka yi ta shigewa gidajen ibada. Don haka kowane marubuci ka ɗauka, tambayi shekarar da ya yi aski. Bada, jinin sarautar Ming, 1648. Fang Yizhi, 1650, bayan ya faɗa hannun sojojin Qing a kudu. Hanke kuwa sufi ne tun kafin daular ta rushe, lissafinsa daban.

Daga nan sauka ƙasan waƙa, wurin kwanan wata; nan na fi daɗewa. Bisa al'ada, da sunan zamanin sarki mai ci ake rubuta shekara. Wanda zuciyarsa ke tare da Ming sai ya tsallake sunan, ya sa tsohon lissafin nan mai zagayen shekara 60 kaɗai. Bai zagi kowa ba, amma ya ƙi gaisuwa. Duk inda ka ga "jiashen", sunan wata shekara a wannan lissafi, a rubutun wancan ƙarni, 1644 ake nufi, sai ka rage gudu. Bada ma yana da wata alama murɗaɗɗiya da masana ke karantawa a matsayin 19 ga watan uku na kalandar Sin, ranar mutuwar Chongzhen.

Kada ka raina laƙabi. Shitao, shi ma sufi mai zane da waƙa, ya kira kansa sufin kugua, wani ɗan itace mai ɗaci, ɗan'uwan garahuni. Haka in waƙa ta ambaci cin ganyen daji a kan dutse, ba yunwa ake ba ka labari ba: Boyi da Shuqi ake tunawa, 'yan'uwan nan na zamanin dā da suka gwammace mutuwa da cin hatsin sabuwar daular Zhou.

Sai dai ba kowane askakken kai ne ɗan tawaye ba, nan kuma na taɓa yin tuntuɓe. Na daɗe ina jin kuka a kowane baitin Shitao, sai na gano mutumin ya fita tarbar Kangxi, sarkin Qing, har sau biyu, a 1684 da 1689, ya kuma je Beijing neman shiga. Shitao yana ɗan yaye ne lokacin da Ming ta faɗi. Kwatanta shi da Hanke, wanda aka kama a Nanjing a 1647 ɗauke da tarihin abin da idonsa ya gani, aka gana masa azaba, aka kora shi Shenyang cikin sanyi, can arewa ya mutu a 1660.

Bincika kuma bugun da ke hannunka. A 1775 sarki Qianlong na Qing ya haramta ayyukan Hanke da na Jin Bao, wani ma'aikacin Ming da shi ma ya koma sufi. Masu buga littattafai na zamanin Qing kan bar gurbi fari a inda kalma mai haɗari take, musamman wadda ke kiran Manchu bare. Ni fensir nake sawa in ƙirga guraben shafi kafin in karanta baitin farko.