Yadda ake gane lafiyar kifi da yawansa a manyan dam-dam ɗinmu

Duk masuncin da ka tara a bakin Zobe ko Jibiya, ko Sabke ta wajen Daura, zai ce maka kifi ya ragu. Ka tambaye shi da nawa ya ragu, wane iri ne ya fara ɓacewa, sai a tsaya kallon juna. Aikina na zama da masunta ne, kuma na gamsu cewa littafi guda da sikeli da abin awo sun isa su ba mu amsar nan, in dai an yi aikin bisa tsari.

A Amurka akwai wani kifi mai farauta da suke kira bas. Ma'aikatan kifi na jihohinsu kan shiga manyan dam da kwale-kwale mai sakin lantarki cikin ruwa, kifin ya suma na ɗan lokaci, su kwashe shi, su auna, su mayar da shi da rai. Kada wani ya ji wannan ya ɗauko janareta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamu da lantarki da guba da nakiya. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tsarin: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kayan aiki ɗaya, kowace shekara.

Fara da Sarkin Ruwa. Ka je ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ba haraji ya kawo mu ba, so muke mu san halin da ruwa yake ciki." In bai yarda ba, babu masuncin da zai buɗe maka cikin jirginsa. Shi ne kuma zai nuna maka wurare uku ko huɗu da suka bambanta: zurfi kusa da bangon dam, bakin da kogi yake shigowa, da gefen ciyawa inda ƙanana suke fakewa. Dam kamar Zobe, da aka tare kogin Karaduwa aka kammala a 1983, ba a yi masa hukunci da abin da aka kama a lungu ɗaya.

Sai kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale a idonta. A ware kalli na musamman don wannan aiki, masu ido daban-daban, daga inci biyu zuwa biyar, tsawonsu kada ya canja. A shimfiɗa da magariba, a ɗaga da asuba. A rubuta abin da kowane kalli ya kama a dare guda: iri, adadi, nauyi. Wannan lissafin na kamu a kowane dare shi ne ma'aunin yawan kifi. Amma ranar da ka sauya kalli ko ka sauya wuri don ka ji an ce kifi ya koma can, lissafin ya lalace, domin ba ka da abin da za ka kwatanta da na bara. A maimaita sau uku a shekara: da hunturu, da bazara lokacin da ruwa ya ja baya, da kuma bayan damina.

Inda na fi so a daɗe shi ne awo. A sami katako mai santsi, a kafa ɗan shinge a kansa ɗaya, a manna tef ɗin tela. A jiƙa katakon, a tokare bakin kifi da shingen, a karanta tsawonsa har ƙarshen wutsiya, sannan a ɗora a sikeli. Akwai lissafi mai sauƙi na gane ƙibar kifi: nauyi da giram sau 100, a raba da tsawo da santimita wanda aka ninka da kansa sau uku. Misali karfasa mai santimita 20 da giram 160: 20 sau 20 sau 20 ya ba da 8,000, a raba 16,000 da shi, an sami 2. Karfasa da karfasa ake kwatantawa. Tarwaɗa doguwa ce siririya, lissafin ƙibarta kan zo ƙasa da ɗaya alhali lafiyarta ƙalau. In lissafin ƙibar iri ɗaya yana sauka shekara bayan shekara, abinci ya yi musu kaɗan ko ruwan ya sami matsala.

Tsawon ma yana magana. In ƙanana sun cika kalli, manya babu, kamu ya yi yawa. In manya ne kawai ba 'ya'ya, haihuwa ta tsaya, wannan ya fi tayar mini da hankali. Buɗe bakin macen karfasa ka duba, domin a baki take renon ƙwanta. Ka ga wadda ba ta kai tafin hannu ba bakinta cike da ƙwai masu ruwan ɗorawa, to irin ya fara tsumburewa. Hakan na faruwa idan aka kwashe manya, ko idan masu cin ƙanana irin su giwan ruwa da ragon ruwa suka ƙare, karfasa ta yi yawa ta rasa abinci. Shi ya sa ko giwan ruwa ɗaya aka samu a inda yake, a rubuta shi da kyau.

Kafin kifi ya bar hannunka, ɗaga murfin kunnensa. Naman da yake numfashi da shi ya zama ja wur, a tsefe. In ya koɗe ko ya yi majina mai kauri, a rubuta. Duba fata ko akwai gyambo, duba gindin fiffike ko wata tsutsa mai kama da zare ta kafe, duba ido ko ya yi hazo ko ya firfito. A yanka kaɗan daga ciki a ga hanta da hanji, sauran masu rai a mayar.

Akwai hanyar yi wa kifi alama a sake shi, daga baya a ƙirga masu alama cikin sabon kamu. Tana aiki a ƙaramin tafki. A ruwa mai faɗin Jibiya da wuya masu alamar su dawo hannu da yawan da zai ba da lissafi, ba na ba da shawarar a ɓata ƙarfi a kanta.

Ruwan kansa a duba shi. Murfin bokiti mai faɗin santimita 20, a shafa masa fari da baƙi, a ɗaure da igiya da ɗan dutse, a zura har ya ɓace wa ido, a auna igiyar, tsawonta shi ke nuna yadda ruwan yake garau ko ya yi duhu. Iskar da kifi yake shaƙa cikin ruwa ta fi ƙaranci da asuba, don haka in ka ga karfasa sun taso sama suna haki kafin rana ta fito, a rubuta ranar da wurin. A lura kuma da masu noman rani, ko suna wanke tankin feshi a bakin ruwa.

In aka wayi gari kifi ya mutu da yawa, kada a ci, kada a kai banda. A ɗebi ruwan wurin a kwalba mai tsabta, a sa waɗanda ba su gama mutuwa ba cikin ƙanƙara, a sanar da ma'aikatan kifi na jiha a ranar. Littafin kuwa a riƙa kai kwafinsa sashen nazarin kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa kusa da Kainji, asalin ya zauna a hannun Sarkin Ruwa, domin da shi za a zauna da masunta a tsayar da idon kallin da za a bari da watannin da za a ɗaga wa tarwaɗa ƙafa ta yi ƙwai a ciyawar damina.