Yadda Za Ka Saka Alamar Naira ₦ a Kibod ɗin Kwamfutarka

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagunan buga takardu na Tudun Wada ko na kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya san yadda ake rubuta farashi: wani ya sa N, wani ya sa #, wani ya rubuta N ya ja mata layi biyu da biro bayan an fitar da takardar. Dalili shi ne kibod ɗin da ke shigowa ƙasar nan na Amurka ne ko na Ingila. Na Amurka yana da dala a kan lamba 4, na Ingila yana da fam a kan lamba 3. Naira kuwa, tun da ta maye gurbin fam a 1973, ba a ba ta maɓalli ba a irin waɗannan kibod. Amma alamar tana nan cikin kwamfutarka, lambarta 20A6 ce a tsarin Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi da alama lambarsa a kwamfuta. Aikinka kawai ka ɗaura ta a kan maɓallin da kake so.

Idan a Word kaɗai kake aiki, ba ka buƙatar sauke komai. Rubuta 20A6, sannan ka danna Alt da X tare, nan take za ta rikiɗe ta koma ₦. Ka kwafe ta, domin za ta yi maka amfani a gaba.

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, ka yi tunanin wanda za ka ba naira. Da yawa sukan ce a cire dala kawai tunda ba a ciniki da ita a Kasuwar Barci. Ban ba ka wannan shawara ba. Mai amfani da Excel yana buƙatar $ wajen kulle gida a lissafi, kamar $A$1, kuma ranar da ka neme ta ka rasa, aiki zai tsaya. Ka bar dala a inda take, ka ɗora naira a kan Alt na hannun dama da lamba 4. A kibod na Ingila alamar yuro ce ke wurin, ita kuwa ba kasafai muke bukatarta ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce PowerToys, manhaja ce ta kyauta daga Microsoft da ke aiki a Windows 10 da 11. Bayan ka saka ta, buɗe Keyboard Manager, ka shiga Remap a shortcut. A ɓangaren farko ka danna maɓallan da ka zaɓa, a na biyu ka zaɓi Send text, ka manna ₦ ɗin da ka kwafo, ka danna OK. Sharaɗinta ɗaya ne: dole manhajar ta kasance tana aiki, idan an rufe ta maɓallin zai koma yadda yake.

Ga mai shago da kwamfutoci da yawa, na fi son hanya ta biyu, domin gyaran yana zama cikin Windows ɗin kansa. Sauke Microsoft Keyboard Layout Creator. Tsohuwar manhaja ce, tana iya neman ka kunna .NET Framework 3.5, ka amince mata. A File ka zaɓi Load Existing Keyboard, ka ɗauko tsarin da ya dace da kibod ɗinka. A gefen hagu ka sa alama a akwatin Alt+Ctrl, wanda shi ne Alt na hannun dama, ka danna maɓallin 4 a hoton, ka rubuta U+20A6. Tunda kana wurin, kada ka fita ba ka yi wa harshenmu hidima ba: U+0253 shi ne ɓ, U+0257 ɗ, U+0199 kuma ƙ. Ka ɗora su a kan b, d da k a wannan akwatin na Alt+Ctrl, ka huta da rubuta "kofa" a madadin "ƙofa".

Daga nan ka shiga Project, ka buɗe Properties, ka ba tsarin suna wanda bai wuce haruffa 8 ba. Sai ka zaɓi Build DLL and Setup Package. Zai samar da jaka mai ɗauke da setup, ka buɗe shi, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara ne za su kai ka ga sabon tsarin. Wannan jakar ka zuba ta a filashi, ka saka wa sauran kwamfutocin shago ba tare da ka maimaita aikin ba.

Idan ka danna sai akwati ya fito maimakon ₦, gyaranka lafiya yake, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da alamar. Ka koma Arial ko Calibri. Kuma kafin ka tura wa abokin ciniki takardar farashi, ka mayar da ita PDF, don ta buɗe a wayarsa yadda ka tsara ta.